Zuwa Gare Ki, Lafiya, Kafin a Ga Wata

Ƙawata,

Azumi ya zo gangara. Teloli sun daina ɗaga waya, layin masu jiran kitso ya fito har zaure, Kantin Kwari kuwa babu masaka tsinke. Duk lungun da mutum ya bi ƙamshin mai ne ke tarbarsa, ana suyar cincin da dubulan. Ni ko ina kwance da tsakar rana, labule a sake, kowace saukar taɓaryar maƙwabta a kafaɗata take ƙarewa. Shi ya sa na jawo takarda. A sauran watanni nakan iya nuna ban damu da tafiyarki ba, Sallah ce ba ta bari. Ina kika shiga, Lafiya? Me na yi miki da zafi haka, da za ki fita babu sallama, ki bar mini kayanki duka, fuska da tsayi da murya, har mutane suna rantsuwa kina nan?

Kin tuna jajibirin Sallah a gidanmu na cikin gari? Tun kafin kiran assalatu muke tashi, ni da ke. Mu wanke shinkafar waina, mu kai niƙa, mu dawo mu hura wuta. Inna tana kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni, mu muna ta kai-komo tsakanin madafa da rijiya. Tukunyar tuwon Sallah ba ta tuƙuwa da wasa, sai an dafe ta da ƙafa an sa wa muciya ƙarfin ƙirji, amma ban taɓa ji kin ce wash ba. Da safe mu ci ado, mu taka har filin idi na Ƙofar Mata, mu dawo mu ɗauki kwanuka a ka, gidan Gwaggo, gidan Kawu, kowa da nasa tuwon da miyar taushe. Washegari muna Ƙofar Kudu tun rana na dukan ƙeya, a tsaye, don kada Hawan Daushe ya wuce mu. Ga ƙura, ga kakaki da algaita, ga 'yan bindiga suna girgiza ƙasa, dawakai sun sha kwalliya suna zuwa jahi. Ki duba fa, duk wannan a jiki ɗaya, kuma da dare sai mu fita dandali gaɗa.

Babbar Sallah kuwa ba a magana. Maza su yanka, su feɗe, su wanke hannu su tafi gaisuwa, a bar mu da kayan ciki, da babbakar kai da ƙafa, da suyar da ake farawa da hantsi a gama bayan isha'i, ido ya yi ja don hayaƙi. Da aka kai ni ɗaki, ke kika saya mini suna a dangin miji. Hajiya, uwar mijina, takan nuna ni ga baƙi ta ce, “Wannan ai ba ta san gajiya ba.” Ni kuma kaina ya kumbura, ban taɓa juyowa na ce miki sannu ba. A ƙarshen 2024 na ji a rediyo cewa UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin kundin al'adun duniya, na yi murna ƙwarai, don abin alfahari ne. Sai dai na raya a zuciya cewa Sallar da ake gani a kan doki tana tsaye ne a kan wata Sallar da ake yi a durƙushe gaban murhu, wadda babu kundin da zai ɗauke ta. Da gadon bayan mata da gwiwoyinsu ake yin ta. Ranar da bayan ya ƙi, ranar mace take sanin matsayinta a gida.

Da a ce rana ɗaya kika tafi, da na riƙe ranar ina yi miki kuka duk shekara. Sai kika riƙa zare jiki kaɗan-kaɗan. Bayan wata haihuwa na yi zazzaɓi mai zafi, zazzaɓin ya tafi, gajiyar ta zauna. In kwana in tashi jiki a ɗaɗɗaure. Yau ciwon yana wuya, gobe ya koma ƙugu, jibi tafin ƙafa ya ƙi taka ƙasa. Mai kemis ya ce maleriya da taifot, abin da ake ce wa kowa. Na sha magani, na yi allurai, na ƙara sha. Aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙashi, aka auna sikari da ƙoda, kowane sakamako ya fito fes. Kin san akwai ranar da na fito daga ɗakin gwaji da takarda mai cewa babu abin da ke damuna, na zauna a bakin baranda na yi kuka? Mutane na roƙon Allah kada a ga komai, ni ina roƙon a ga wani abu, ko mene ne, in dai zan samu abin nuna wa Hajiya.

Da asibiti ya ce bai gani ba, sai gida ya karɓa. Aka ce sanyi ne, na sha jiƙo da tsimi. Aka yi mini ƙaho a baya, wurin ya daɗe yana raɗaɗi fiye da ciwon da aka zo cirewa. Aka yi tofi, aka yi rubutu, aka yi ruƙiyya. Addu'a kam ban raina ta ba, ita ta riƙe ni a darare da yawa. Abin da ke ci mini rai shi ne ranar da wata cikin iyayenmu ta rage murya ta ce wannan jifa ne, aka kuma kama sunan wata baiwar Allah da ba ta ci ba ba ta sha ba. Aka yi Sallah aka sake yi ba a kai tuwo gidanta ba. Kin ga ɓarnar da tafiyarki ta yi? Ba a jikina kaɗai ta tsaya ba.

Daga baya aka tura ni wurin likitan gaɓoɓi, irin waɗanda ba su da yawa a ƙasar nan. Shi ne na farko da ya ajiye biro ya saurare ni har na kai aya. Ya tambayi barcina, da cikina, da ciwon kai, da mantuwa. Ya tambaya ko ciwon yana dama da hagu, sama da ƙasa, ko ya wuce wata uku. Ya danna ƙeyata, da gefen gwiwar hannu, da cikin gwiwa, dannawar da ba za ta tada jariri daga barci ba, na zabura. Sannan ya faɗi sunan, faiburomayaljiya. Ya ce naman jikina da ƙasusuwana babu abin da ya same su, shi ya sa hoto da jini ba sa nunawa. Matsalar tana ga jijiyoyi da ƙwaƙwalwa, yadda suke karɓar saƙon zafi suna ruruta shi. Ya ce in ɗauka maigadi ne da aka taɓa yi wa fashi, tun daga ranar ko kyanwa ce ta taka kwanon rufi sai ya busa usur ya tada unguwa. Usur ɗin na gaske ne, tashin da aka yi na gaske ne, ɓarawon ne babu. Na tambaye shi yaushe za ki dawo. Ya ce ciwon ba ya kisa, ba ya lalata gaɓa, amma har yanzu ba a samo abin da ke raba mutum da shi gaba ɗaya ba, sai dai lallaɓawa.

Na dawo gida na duƙufa karatu a waya, ina bin sawunki. Ashe kin daɗe kina yi wa mutane haka. Tun 1904 wani likitan Ingila, William Gowers, ya ba abin suna, a zatonsa kumburi ne a cikin naman jiki. Aka nemi kumburin aka rasa, shekaru suka yi ta tafiya ana ce wa mata tunani ne ya yi musu yawa. Sai a 1976 aka raɗa masa sunan da yake amsawa yanzu. A 1990 likitocin gaɓoɓi na Amurka suka ware wurare 18 a jiki, suka ce sai 11 daga ciki sun yi zafi in an danna, a 2010 kuma suka bar wannan ƙirgen suka koma duba yaɗuwar ciwon da gajiya da barci da mantuwa. Ana ƙiyasin mutum biyu zuwa huɗu cikin ɗari suna ɗauke da shi, kuma mata sun fi yawa cikin waɗanda ake ganowa. Tun da na karanta wannan, in na samu zuwa idi nakan bi sahun mata da kallo. Cikin ɗarin nan da suka sha leshi da gwaggwaro, su wa kika gudu kika bari? Wace ce ta kwana tana juyi, ta tashi ta shafa hoda a kan abin? Wace ce za a ce wa yau ta faye son jiki?

Bari in gaya miki yadda Sallah take in babu ke. Kitso ne na farko. Fatar kaina ba ta jure ja, mai kitson da ta san ni tun ina budurwa yanzu manya-manya take yi mini, tana yi tana ba ni haƙuri. Ƙunshi yana son a zauna wuri ɗaya ba motsi, ni kuwa in na daɗe a zaune ƙuguna ƙagewa yake. Leshi yana kartar fata, ɗaurin ɗankwali yana saukar da ciwon kai, sarƙar lefena ta yi wa wuyana nauyi. Turaren wuta da humra, waɗanda dā da hannuna nake haɗawa, yanzu in falo ya cika da su sai zuciyata ta tashi. Ga ƙarar janareto, ga baƙi kowa na magana a lokaci guda. Sai kuma runguma. Wa zai gaya wa ƙanwar da ta taso tun daga Kaduna da murna cewa rungumarta ciwo ce? Nakan cije, in yi dariya.

Akwai kuma hazon da ke sauka a ka. In tsaya gaban baƙuwar da na sani shekara da shekaru, sunanta ya ɓace mini. In zuba gishiri a miya, in juya, in sake zubawa. In ba yaro goron Sallah, ya zagayo in ƙara ba shi, ja'irin kuma ba zai ce an ba shi ba. A salla in rasa raka'a ta nawa nake. Ni da nake riƙe da aji cike da yara, na san kowa da sunan ubansa! Wannan ya fi ciwon ƙona mini rai, Lafiya, don ni kaina yake taɓawa. Kuma abin ba ya karɓar kuɗinsa nan take. Zan iya daurewa in yi ranar Sallah a tsaye, a ɗauki hotuna da ni ina murmushi. Bashin washegari yake zuwa, ko jibi, in kwanta ko kofi ba na iya ɗagawa. Waɗanda suka gan ni ranar farko ba sa nan a rana ta uku.

Azumin kansa yunwarsa ba ta dame ni ba, barcin ne. Wata ne na yanka barci gunduwa-gunduwa, a tashi ƙarfe uku a ɗora sahur, a koma, a tashi asuba, a goman ƙarshe a ƙara da tahajjud. A 1975 wani likita a Toronto ta Kanada, Harvey Moldofsky, ya kwanar da masu ƙoshin lafiya a ɗakin gwaji, duk sanda barcinsu ya yi nauyi sai a katse shi da ƙara. Cikin 'yan kwanaki suka fara kukan ciwon jiki irin namu. Da na karanta sai na gane abin da ya sa nake shiga Sallah a ragargaje tun kafin a ɗora tukunya. Malam ya ce rangwamen marar lafiya yana nan cikin Suratul Baƙara, mai sa ran warkewa ya rama, wanda ciwonsa ya zo zama ya ciyar. Na sani. Amma sanin hukunci daban, shan ruwa da rana a gidan da kowa ke azumi daban. Ranar da na kasa kai azumi, a bayan ƙofa nake haɗiyar magani kada yara su gani. A filin idi kuma, in na zauna zan yi salla a zaune, sai in ji idanu a bayana. Wata dattijuwa ta taɓa taɓo ni ta ce, “'Yar nan, da ƙuruciyarki? Mu ma da muka tsufa muna tsayawa.” Me zan ce mata? Ta girmi Inna. Na ce, “To, Iya.”

Kada ki ɗauka ƙarar mutanenmu nake kawowa. Wajen dubiya babu wanda ya kai mu. Mutum ya kwanta, kafin la'asar ɗaki ya cika, ga kunu a fulas, ga lemo da ayaba, ga mai cusa kuɗi ƙarƙashin filo. Na ga wannan gatan a watannin farko. Sai dai dubiyarmu an gina ta ne don ciwon da ke da ƙarshe, ko a tashi a yi barka, ko a tafi a yi ta'aziyya. Ciwon da ya zo ya zauna, ba ya gaba ba ya baya, ba mu tanadar masa komai ba. A hankali ƙafa ta ɗauke. “Ya jiki?” ta koma “Har yanzu jikin ne?” Ni ma na koyi amsar da ke sallamar mutum da wuri, in ce da sauƙi. Ranar Sallah kowa ya gan ni da kwalliya sai ya ce, “Kai, ai kin warke, har ƙiba kika yi.” Ƙibar magani ce da rashin motsi. Ana ba ni misali da haƙurin Annabi Ayyuba, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ina kuma karɓa hannu biyu. Sai dai sau da yawa mai faɗin haka so yake in yi shiru, ya manta cewa shi ma Annabin ya kai kukansa ga Ubangijinsa.

Yanzu bari in zo kan nawa, don na san kina jira. Likita ya ce ba ni na jawo ba. Ciwon yakan bi jini a wasu gidaje, yakan biyo bayan zazzaɓi ko haɗari ko tashin hankali mai tsawo, yakan kuma zo babu dalilin da za a nuna. Na yarda da shi. Amma ni na san irin riƙon da na yi miki. Kin yi ta yi mini magana ina toshe kunne. In kin ce mu kwanta, in ce sai an gama wanke-wanke. In kin ce mu zauna, in haɗiyi fanadol biyu in gyara ɗaurin zani in koma madafa. Ko arba'in ban yi ba na koma tuƙa tuwo, don kada a ce wadda ba ta san gajiya ba ta fara lalaci. Da ke na sayi yabo, yabon kuma bai kai ni ko'ina ba. Ki yafe mini.

Akwai wanda ya fi wannan nauyi. Kin tuna taubashiyata, 'yar Gwaggo, mai sikila? Duk hunturu sai ta kwanta, duk biki sai ta nemi lungu ta naɗe. Ni ce kan gaba wajen tsokanarta. Ina fakewa da wasan taubasai ina ce mata sarauniyar raki, mai ciwon gudun aiki, ana dariya, ita ma tana yi. Da ke nake taƙama a lokacin. Me ya sa ba ki rufe mini baki ba? Da na kwanta, ita ce ta fara yarda da ni, tun kafin likita ya faɗi suna. Ba ta tuna mini komai ba. Ta zauna a bakin gado ta koya mini yadda ake zuwa taro. Ta ce ki je da wuri kafin a cika, ki zauna kusa da ƙofa inda akwai jingina, ki fara gaida manya, ki tafi tun kina da sauran ƙarfi, kada ki jira sai ya ƙare. Ilimin da ta tara ke nan tun tana yarinya, ita kaɗai, muna yi mata dariya.

Ina lallaɓawa, kamar yadda aka ce. Akwai 'yar ƙwayar amitiriftilin da nake sha da dare don barci ya yi nauyi, tana busar da baki, tana sa in tashi kai a dame. An gwada ni da firigabalin, wanda Amurka ta amince da shi don wannan ciwo tun 2007, ya rage wani abu, ya kawo jiri da ƙiba, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin albashin malamar makaranta. Sayensa ma wani aiki ne. Tun da aka hana maganin tari mai kodin a 2018, aka kuma sa ido kan tiramadol da 'yan uwansa saboda yadda suke cin samarinmu, mai yawan neman maganin ciwo ya zama abin zargi. Na taɓa miƙa takardar likita a wani kantin magani, yaron ya dube ni sama da ƙasa, da hijabina da komai, ya kira maigidansa. Ban ga laifin tsaron ba, na ga abin da ƙwaya ta yi wa unguwarmu. Duk da haka kaina a ƙasa na fito.

Abin da ya ba ni dariya shi ne da likita ya ce babban maganin motsa jiki ne. Ya ce da likitocin gaɓoɓi na Turai suka tace hanyoyin magani a 2017, motsa jiki kaɗai suka ba cikakken ƙarfi. Na ce likita, mutumin da buta ke gagara? Ya ce ki fara da zagaya tsakar gida. Na fara. Bayan la'asar, in rana ta yi sanyi, daga bakin rijiya zuwa gindin dalbejiya in dawo, sannan in yi wanka da ruwan ɗumi. Wani lokaci, a tsakiyar tafiyar, sai in ji ki. Na ɗan lokaci kafaɗa ta saki, numfashi ya sauka har ƙasa. Ke ce kuwa? Leƙowa kike yi ki ga ko ina nan? To me ya sa ba kya zama ko ruwa ki sha?

Zan gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Sallar da ta fi mini sauƙi tun tafiyarki ita ce ta 2020, shekarar korona, da aka soke hawa aka ce kowa ya zauna a gidansa. Kano na cikin makoki a lokacin, manya suna ta faɗuwa, kullum sai an ji sanarwar rasuwa, ni ma na yi kuka da masu kuka. Amma a can ƙasan zuciyata akwai wani hutu da nake jin kunyarsa. Babu wanda ya jira tuwona, babu gidan da aka ce ban je ba, gaisuwa duk ta waya. Gari gaba ɗaya ya ɗanɗani irin zamana na 'yan makonni, mutane suna cewa zaman gida zai haukata su. Da aka buɗe gari kowa ya fita da gudu, babu wanda ya waiwayo ya tuna akwai waɗanda ba a ɗage wa kulle ba.

Baban yara yana ƙoƙari, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya koyi ce wa baƙi “tana hutawa” ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ina kuma jin abin da ake faɗa masa a zaure, cewa ƙarin aure ma taimakona ne. Bai ce komai ba tukuna. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce babbar 'yata. Ba ta gama sakandare ba, amma ita ke juya waina yanzu, ita ke riƙe muciyar da nake riƙewa. Bara na ji Hajiya tana nuna ta ga baƙi tana cewa, “Uwarta ta biyo, ba ta san gajiya ba.” Na ga yadda yarinyar ta washe baki, gabana ya faɗi. Lafiya, in da ni kika yi fushi, ita ba ta yi miki komai ba. Ki zauna da ita. Ni kuma na yi alkawari zan koya mata abin da ba a koya mini ba, ta riƙa sauraronki tun kina magana a hankali, ta kuma iya buɗe baki ta ce ta gaji a gaban kowa.

Kin san Sallah ba ta zama wuri ɗaya, duk shekara tana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya. Yanzu a bazara take faɗowa. Nan da 'yan shekaru Ƙaramar Sallah za ta shigo cikin hunturu, lokacin da sanyin asuba ke ɗaure mini kowace gaɓa, kuma tun yanzu nake fargabar ta.

Bana dai na yanke shawara, na kuma faɗa da bakina. Na kira Yaya na ce ba zan karɓi tukunyar tuwo ba, zan yi zoɓo da kunun aya a zaune, shi ke nan. Ta yi shiru, sannan ta ce, “To wa zai yi?” Na ce mu zauna mu raba, maza ma suna da hannu, masu sayar da waina kuma ba su ƙare a garin nan ba. Ba ta ji daɗi ba. Cincin na saya na juye a bokitin gida, wanda ya gane ya gane. Atamfa mai laushi na ɗinka, babu dutse babu aiki a wuya. Gidan Inna da gidan Hajiya kawai zan je, sauran kuma ƙofata a buɗe take. Za a yi magana, na sani. An ma fara.

Saura ke. Ban ce ki dawo yadda muke dā ba, na rage wannan roƙon, ko da yake babu abin da ya gagari Allah. Aron safiya ɗaya nake nema. Ƙaramin ɗana ya tambaye ni ko bana zan raka su idi, na ce sai yadda na tashi, ya ce kullum haka nake cewa. Ki zo ranar da wuri, kafin ƙarfe takwas, ki riƙe ni zuwa filin, ki tsaya da ni raka'a biyu, ki dawo da ni gida. Daga nan in kina da wurin zuwa ki tafi, zan biya bashin da ya biyo baya ba tare da ƙorafi ba. Za ki zo? In ba za ki samu dama ba, ki sanar da ni tun dare, in san abin da zan gaya wa yaron.

Taki har yanzu.